Baƙin Man da Aka Zubar da Magariba

Rana ta riga ta faɗa bayan gidaje lokacin da Direba ya shigo da motarsa tsakar gida ya kashe ta. Yammaci ne irin na kullum. Matarsa tana kicin, ana jin ƙarar ludayi a jikin tukunya. 'Yarsu ta ƙarshe, wadda kowa ke kira Auta duk da ta cika shekara goma sha tara, tana kwashe shanya daga igiya tana ninkewa a kafaɗarta.

Motar nan ita ce abincin gidan. Shekara ashirin ya yi yana tuƙa motocin mutane kafin Allah Ya ba shi tasa, ta zamani, mai ƙwaƙwalwa. Tun ranar da ya saye ta babu mai taɓa injinta sai ƙaninsa, uwa ɗaya uba ɗaya, bakaniken da ake kira Injiniya. Wata uku da suka wuce shi ya canza mata famfon mai. To ana nan, wata rana a tasha wani direba ya ce cikin raha, ai bakanike ko ciki ɗaya kuka fito, sabon kaya aljihunsa yake shiga, tsohon ya wanke da fetur ya mayar maka. Aka yi dariya aka watse. Amma maganar ba ta watse daga zuciyar Direba ba. Ta samu wuri ta zauna.

Shi ya sa a yammacin nan ya fito da galan na sabon man inji da filta, wato matatar mai, daga but ɗin motar, ya shimfiɗa kwali ya kwanta a ƙarƙashin motar. Yau da kansa zai yi juye, ya zubar da tsohon man inji ya zuba sabo. Injin bai huce ba, don daga doguwar tafiya ya dawo. Da ya kwance noti, baƙin mai ya tsiyayo cikin tsohuwar roba yana tururi, warinsa ya cika gidan.

"Auta, zo ki ɗauke wannan ki zubar a bayan ɗaki."

"Baba, magariba fa ta yi."

"Ita magaribar ce za ta wanke mini robar? Ɗauki ki je. Kuma kada in ji labarin nan a bakin Baffanki."

Ta sa tsumma ta riƙe gefen robar, ta zagaya lungun da ke tsakanin ɗaki da katanga. Akwai wani rami a gindin katangar, ba mai faɗi ba, wanda ba wanda ya san zurfinsa. Nan ta juye man gaba ɗaya. A daidai lokacin da ladan ya ɗaga murya, wani siririn kuka ya fito daga ƙasa, kamar na ɗan kyanwa da aka taka. Sau ɗaya ya yi, ya ɗauke. Auta ta tsaya da roba a hannu tana jiran na biyu. Bai zo ba. Ta dawo ba ta gaya wa kowa ba, kuma ba ta ci abinci ba a daren.

Washegari, yana kan hanyar gida da almuru, wata jar fitila mai siffar buta ta kama a gaban sitiyari. Duk direba ya san ta. Ita ce ke cewa ƙarfin mai ya faɗi, kashe inji ko ka rasa shi. Ya gangara gefen titi, ya zaro ma'aunin mai ya goge ya mayar ya sake zarowa. Mai cike yake, fes da shi. Ya jira har duhu ya gama sauka, ya tayar da motar. Fitilar ta mutu kamar ba a yi ba.

Da safe ya nufi garejin ƙaninsa, fuska a ɗaure. Injiniya ya jona kwamfuta, ya ɗaura gejinsa na auna ƙarfin mai a jikin injin, ya tayar da ita ya bar ta ta yi zafi. Allurar gejin ta tsaya inda ya kamata.

"Yaya, bari in nuna maka, don hankalinka ya kwanta," in ji shi, yana goge hannu. "Famfon nan daga kwanon ƙasa yake zuƙo mai ta cikin rariya, ya tura shi ta filta zuwa duk inda ƙarfe ke gogar ƙarfe. Idan ka taka totur, gudunsa ya ƙaru, ƙarfin man ya ƙaru. In aka bar shi haka zai fasa filta. Shi ya sa aka yi masa wata 'yar ƙofa da sifirin ke danne da ita. Ƙarfi ya yi yawa, sai ya ture ƙofar, rarar man ta koma ƙasa. Ya ragu, sifirin ya rufe ta. Irin taka kuma ƙwaƙwalwar mota ma tana sa baki. Tana duba zafi da gudun inji, ta umarci famfon ya rage ko ya ƙara abin da yake turowa. Duk na duba, ba mai laifi a cikinsu."

"In famfon sabo ne ba," in ji Direba, yana kallon gefe.

Injiniya ya yi kamar bai ji ba. Ya sunkuya ya leƙa ƙasa, ya daɗe a can. Da ya ɗago sai ya ce, "Wannan filtar ba ni na ɗaura ta ba. Wa ya yi maka juye?"

"A hanya ne. Wani gidan mai."

"To," in ji ƙanin. Suka rabu kowa da abin da yake saƙawa a ransa game da ɗan'uwansa.

A yammacin ranar aka fara jifa. Dutse na farko ya faɗo kan kwanon rufi suna shirin alwala, na biyu ya biyo, sai kuma suka zubo kamar ana zazzage buhu. Direba ya ɗauki sanda ya fita waje a guje. Layin babu kowa sai wata akuya da ke kwance tana tuƙa. Ya dawo ya tsinci ɗaya daga duwatsun da suka gangaro. Da ɗumi a jikinsa, kuma ya bar masa baƙin maiƙo a tafin hannu.

Haka aka yi kwana biyar. Da rana gida lafiya, mota lafiya. Da rana ta yi ja, sai shiru ya sauko wa gidan, irin shirun da ko kaji ba sa motsi a cikinsa, sannan jifa, sannan jar fitila idan motar tana kunne. Matar Direba ta ce maƙwabcin nan ne da suka yi cacar baki a kan kwata, ta daina amsa gaisuwar iyalinsa. Shi kuwa Direba zuciyarsa wani wuri ta tafi. Wa ya san cikin motar nan kamar tafin hannunsa? Wa ke da baƙin mai a wurin aikinsa durum-durum? Wa ya ji haushi da ya ga filtar da ba tasa ba? Yana kwance yana jera tambayoyin, kuma duk amsa ɗaya suke ba shi.

Ba wanda ya lura da Auta da wuri. Yarinya ce mai surutu, mai tsokanar uwarta, sai ga shi ta koma zama a bakin ƙofar ɗaki tana kallon lungu. Gashinta ya fara warin ƙonannen mai ko da ta wanke shi. A kwana na huɗu uwar ta ga bororo ya taso a bayan hannunta na dama, irin na ƙuna, alhali ko kicin ba ta shiga ba.

"Me ya ƙona ki?"

"Ba ni ba ce aka ƙona," in ji Auta, ta janye hannunta.

A kwana na shida Injiniya ya zo da kansa, bayan la'asar sakaliya, da gejinsa a jaka. Ya ce tunda ciwon motar ba ya tashi sai da magariba, shi ma zai jira magaribar. Ya ɗaura gejin, ya tayar da inji, ya ce wa yayansa ya zauna ya riƙe totur daidai wuri guda. Hasken rana yana janyewa daga katanga a hankali. Allurar tana tsaye ƙyam. Sai ta yi rawa. Sai ta fara sauka, sannu-sannu, kamar ana jan ta da zare, alhali ƙarar injin ba ta canza ba.

"Ba zai yiwu ba," in ji Injiniya ƙasa-ƙasa. "Sai dai in wani ya riƙe 'yar ƙofar famfon nan a buɗe."

Ya ɗago kai, sai idonsa ya faɗa kan Auta. Tana tsaye a bakin ɗaki, ta miƙo ƙonannen hannun nan gaba, ta haɗa babban yatsa da manuni kamar mai riƙe da wani ƙaramin abu. Idanunta a buɗe, amma ba su take kallo ba. Suna kallon ta ta buɗe yatsun. Allura ta yi tsalle ta koma sama. Ta sake haɗe su. Allura ta faɗi, jar fitila ta kama.

"Kashe!" Injiniya ya daka tsawa. "Yaya, kashe ta!"

Da injin ya mutu, sai suka ji dariyar. Daga bakin Auta take fitowa, amma muryar ta wata tsohuwar mace ce, a dishe, kamar wadda ta kwana tana kuka. Uwar ta saki kwanon da ke hannunta tana salati. Auta ta sulale ƙasa.

Akwai wani dattijo a bayan kasuwa da ke gyaran agogo, ana ce masa Malam, mutum ne mai ilimi, wanda ake kai wa irin wannan lalura. Ba ya duba, ba ya karɓar zakara. Washegari ya iso gidan kafin faɗuwar rana, ɗan siriri da shi, da tabarau mai kauri da Alƙur'ani a jakar fata. Ya ce a shimfiɗa tabarma a falo, uwar ta riƙe 'yarta ta lulluɓe ta da kyau, maza biyun su zauna a gefe. Ya nemi ruwa a kofi. Sannan ya dubi kowannensu ɗaya bayan ɗaya ta saman tabaraunsa.

"Duk abin da za ku ji, ku riƙe hannayenku. Waɗannan bayin Allah gaskiya ɗaya suke faɗa su naɗe ta da ƙarya tara."

Bayan sun idar da sallar magariba ya fara karatu. Muryarsa ba ta da ƙarfi, amma ba ta yankewa. Dutse ya faɗo kan rufi, bai ɗaga kai ba. Ƙofar kicin ta buga kanta, bai tsaya ba. Can jikin Auta ya sandare, yatsun ƙafarta suka lanƙwashe, ta saki wani nishi mai tsawo.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Mai gidan nan ce. Na riga su zuwa."

"Me ya kawo ki jikin yarinyar mutane?"

Kan Auta ya juya a hankali har ya tsaya a kan Injiniya. Leɓenta ya yi murmushin da ba nata ba. "Turo ni aka yi. Ga shi nan zaune. Motar yake so ta mutu a sayar masa da arha. Tsohon famfo ya sa maka, Direba. Sabon yana cikin akwatinsa."

Kafin kowa ya ankara Direba ya miƙe ya shaƙe wuyan rigar ƙaninsa. "Na sani! Wallahi tun tuni na sani!"

Injiniya bai ɗaga hannu ba. Kallon yayansa kawai yake yi, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Sake shi ka zauna," in ji Malam. Bai ɗaga murya ba, amma Direba ya saki. Malam ya juya ga yarinyar. "Ya turo ki, kin ce. To wannan ƙunar da ke hannunta fa, ita ma shi ya ce ki yi? Wanda aka aiko ba ya kuka. Ke kuwa tun da kika buɗe baki nake jin kuka a muryarki."

Ya tofa a ruwan ya yayyafa mata, ya koma karatu. Wannan karon bai sassauta ba. Auta ta yi ta birgima a hannun uwarta, muryar tana zagi, tana roƙo, tana sake zagi, har ta karye.

"Ɗana ne! Ɗana suka ƙona! Yana barci a bakin ƙofarmu, aka sheƙo masa baƙar wuta, ba sallama, ba sunan Allah. Hannunsa ya saluɓe. Kwana takwas bai runtsa ba. Wannan ce ta zuba, wancan ne ya aike ta."

Matar Direba ta juya ta dubi mijinta. Injiniya ma ya dube shi.

"Wace baƙar wuta?" in ji Malam.

Direba ya sunkuyar da kai. "Juye na yi a gida. Man da zafinsa. Na ce ta zubar a bayan ɗaki."

"Gidan mai a hanya," in ji Injiniya a hankali, kamar mai magana da kansa.

"Shi bakaniken ya turo ki?" Malam ya sake tambaya.

"Bai san da ni ba."

"To me ya sa kika ɗora masa?"

"Na tarar da wurin a share," in ji muryar. "Na leƙa zuciyar yayansa na ga ya riga ya shimfiɗa wa maganar tabarma. Zama kawai na yi."

Malam ya gyara tabaraunsa. "An cuce ki, ban musa ba. Amma ba da sani aka yi ba, don ba sa ganinku, ku ne kuke ganinsu. Faɗi abin da zai raba ki da yarinyar nan."

"Hannu da hannu. A bar mini nata ya shanye."

"Ba za a ba ki ba. Aikenta aka yi, kuma ta ja hankalin ubanta bai ji ba."

"To motar. Na san 'yar ƙofar da ke cikinta. In riƙe ta a kan babban titi, yana gudu, da mutane a baya. Inji ya kama, in ga yadda zai yi."

"Mutanen da ke baya me suka yi miki? Ki ji tsoron Wanda Ya halicce mu da ku. Ga abin da za a yi. Gobe kafin rana ta faɗi za a haƙe duk ƙasar da man ya taɓa, a fitar da ita daga gidan, a zuba mai tsabta. Ba za a sake zubar da mai ko ruwan zafi a lungun nan ba. Zan yi tofi a man zaitun a ajiye miki a gindin katanga, ki shafa wa ɗanki, warakar tana wurin Allah. Ke kuma ki fita yanzu, ki bar yarinya, ki bar mota, ki bar rufin mutane."

Ana jin numfashin Auta yana fita da ƙyar.

Can muryar ta ce, "Shi zai haƙa. Da hannunsa. Ba ɗan kwangila ba."

"Ka ji?" in ji Malam.

"Na ji," in ji Direba. "Na yarda. Ki yafe mini."

"Ban yafe ba. Na dai tafi."

Malam ya sa ta yi alkawari da sunan Allah har sau uku, ya ce ta fita ta ƙaramin yatsan hannun hagu. Yatsan ya yi ta karkarwa shi kaɗai, sannan ya saki. Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta buɗe ido, ta ga mutane sun kewaye ta.

"Mama, me ya faru? Yunwa nake ji."

Uwar ta rungume ta tana kuka tana dariya.

Da gari ya waye Direba ya ɗauki diga da shebur ya shiga lungu. Man ya nitse fiye da yadda ya zata. Har azahar yana fitar da baƙar ƙasa, tafin hannunsa ya yi kanta ya fashe. Injiniya ya zo da baro ya riƙa kwashewa yana fitarwa. Kafin la'asar aka cike ramin da yashi mai tsabta. Magariba ta yi, ta wuce. Ba a yi jifa ba. Bayan mako biyu ƙunar hannun Auta ta warke, surutunta ya dawo, matar Direba ta aika wa maƙwabta da abinci ba tare da ta faɗi dalili ba.

Direba ya je garejin ya ba ƙaninsa haƙuri a gaban mutane. Injiniya ya ce, "Ya wuce, Yaya. Ai kai uba ne." Suka yi musabaha, kuma da gaske ya yafe. Yana zuwa gidan, yana cin abinci, yana tsokanar Auta.

Da lokacin juye na gaba ya yi, Direba ya kai motar da sassafe, ya miƙa makulli, ya ce zai je ya sha shayi ya dawo. Injiniya bai karɓi makullin ba. Ya jawo benci ya ajiye daf da motar, ya kakkaɓe shi da tsumma. Ya ɗauko galan da filta a kwalinsu, ya ɗora wa yayansa a cinya.

"Buɗe da hannunka, Yaya. Ka zauna nan ka gani."

"Haba, ƙanina. Ai na yarda da kai."

"Na sani," in ji Injiniya, yana kwanciya a ƙarƙashin motar. "Zauna dai."

Direba ya zauna. Kuma har motar ta tsufa aka sayar da ita, Injiniya bai taɓa kwance mata ko noti ɗaya ba sai yayansa na zaune a kan bencin nan yana kallo.